Ƙiba, ciwon sukari da allurar rage nauyi: tambayoyin da na gaji da amsawa

Da wuya mako ya wuce a ɗakin da muke duba masu ciwon sukari ba a miƙo mini waya an ce in kalli bidiyon wata allura ko wani shayi ba, wanda wai bincike ya tabbatar yana narkar da kitse. Tambayoyin dai su ne na jiya da na shekaranjiya, don haka na tattara amsoshin wuri guda domin in riƙa miƙa takarda maimakon maimaita magana.

Shin ƙiba ciwo ce, ko alamar hutu da wadata?

Ciwo ce idan ta wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita, kuma ita ce ke share fage ga ciwon sukari, hawan jini da kitsen hanta. Wanda ya ce maka ka yi kyau ka murje ba shi zai biya maka kuɗin magani ba.

Ta yaya zan san tawa ta wuce kima?

Ka raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita, sannan ka sake raba abin da ya fito da tsayin. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce. Idan lissafin ya gagare ka, yanki igiya daidai tsayinka, ka ninke ta gida biyu, ka zagaya ta a cikinka saman cibiya kaɗan. Idan bakunan ba su haɗu ba, tumbin ya wuce inda ya kamata, kuma kitsen ciki ya fi na cinya da ƙugu haɗari.

Ƙanwata za ta yi aure, ana ba ta sha-ka-fashe don ta ciko. Akwai illa?

Akwai, kuma a karɓe shi daga hannunta yau. Abin da aka fi samu a cikin irin wannan haɗin shi ne deksametason, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya tara ruwa a jiki, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Idan ta kwashe makonni tana sha, a kai ta asibiti a janye mata shi a hankali, domin yanke shi rana ɗaya ma yana iya kwantar da ita. Abin takaici ne a sa yarinya mai ƙoshin lafiya ta sayi ciwon shekara talatin saboda hoton kwana uku.

Wannan allurar Ozempic da gaske tana aiki?

Tana aiki, wannan ba abin jayayya ba ne. Sinadarin cikinta, semagulutayid, yana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya kuma rage saurin fitar abinci daga ciki. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya sami izinin sayar da Ozempic a Amurka a 2017 don ciwon sukari, sai Wegovy mai ƙarfin da ya fi yawa a 2021 don ƙiba. A gwajin STEP 1 da aka wallafa a 2021, an raba mutum 1,961 marasa ciwon sukari gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan mako 68, masu allurar gaske sun rage kashi 14.9 cikin 100 na nauyinsu, wato kimanin kilo 15, waɗanda aka yi wa allurar wofi, wadda babu magani a cikinta, kuwa kashi 2.4. Maganin kamfanin Eli Lilly, wanda ake sayarwa da sunan Mounjaro, ya kai kusan kashi 21 a mako 72 a gwajin SURMOUNT-1 na 2022. Farashin da jiki ke biya shi ne tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, wani lokaci da duwatsun matsarmama. Mai juna biyu ba ta yin ta, mai neman ciki kuma ta daina wata biyu kafin nan.

Idan na rame sai in daina?

Kana iya dainawa, nauyin kuma zai dawo. Waɗanda aka ci gaba da bibiya daga STEP 1 sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara ɗaya da daina allurar. Kafin ka sayi ta farko, ka lissafa kuɗin ta hamsin.

Likita, me ya sa kullum kake cewa "a cikin waɗanda aka gwada"?

Saboda bincike yana ba da labarin mutanen da aka yi shi a kansu ne, a yanayin da aka yi shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na mahalarta STEP 1 Turawa ne, matsakaicin nauyinsu ya kai kilo 105, kuma kowannensu, har da masu allurar wofi, ana zaunar da shi duk wata ana yi masa nasiha kan abinci da motsa jiki. Mai yi wa kansa allura a ɗaki ba tare da kowa ya duba shi ba ba ya cikin wannan lissafin. Haka nan a kula da yadda ake faɗin alƙaluma. Gwajin SELECT na 2023, mai mutum 17,604 masu ciwon zuciya da nauyi mai yawa, ya nuna allurar semagulutayid ta rage bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin 100. Gaskiya ne, amma ma'anarsa ita ce abin ya sami kashi 6.5 na masu allura da kashi 8 na sauran a cikin shekara uku da 'yan watanni. Ribar tana da daraja, sai dai ba ta kai girman da masu talla ke hura ta ba.

Ina da ciwon sukari da ƙiba, na ji an ce rage nauyi yana warkar da shi. In ajiye magani in yi amfani da watan azumi in rame?

Wannan ce tambayar da ba ta da gajeriyar amsa, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a ɗauki layin da ya yi daɗi a tafi da shi. Labarin da ka ji yana da tushe. A gwajin DiRECT da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2017, ƙarƙashin Farfesa Roy Taylor na Niwkasil da Farfesa Mike Lean na Gilasgo, an ɗora masu ciwon sukari nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, a kan abincin ruwa da aka auna, kimanin kalori 850 a rana, na wata uku zuwa biyar, sannan aka mayar da su abinci na yau da kullum sannu a hankali. Bayan shekara ɗaya, sukarin kashi 46 cikin 100 ya daidaita ba tare da magani ba, alhali a ɗaya rukunin kashi 4 ne kawai. A cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, adadin ya kai kashi 86. Bayanin Taylor shi ne kitsen da ya taru a hanta da kuma gaɓar da ke samar da insulin shi ke daƙile aikinsu, idan ya ragu sai gaɓar ta farfaɗo.

To amma ga sharuɗɗan da ba a faɗa a bidiyo. Duk mahalartan ba su wuce shekara shida da gano ciwon ba, babu mai allurar insulin a cikinsu, kuma ma'aikatan lafiya ne suka janye musu magani suna auna su akai-akai. A shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36, domin wanda nauyinsa ya dawo sukarinsa ma yakan dawo. Shi ya sa muke cewa ciwon ya lafa, ba ma cewa ya warke. Idan kai mai teɓa ne da aka gano maka ciwon bara kuma ƙwayar sukari ta metfomin kaɗai kake sha, akwai kyakkyawan fata, mu zauna mu tsara. Idan shekararka goma sha biyar da shi, ko siriri ne kai, ko ƙodarka ta fara taɓuwa, damar ta ragu ƙwarai, ko da yake rage nauyin zai iya rage maka yawan ƙwayoyi. Idan kuwa nau'i na ɗaya ne, wanda jiki ba ya samar da insulin, ajiye insulin na iya kai ka ga suma da mutuwa cikin 'yan kwanaki, kuma a nan babu "ya danganta".

Shi kuma azumi ba irin tsarin DiRECT ba ne. Wanda ya wuni bai ci ba, ya sha ruwa da dabino bakwai, kunun da aka cika wa sukari, ƙosai, zoɓo mai sanyi, ya bi da tuwo bayan asham, yana iya fita daga watan da nauyin da ya shiga da shi, sukarinsa kuma ya riƙa faɗuwa da la'asar yana tashi da dare. Binciken EPIDIAR, wanda aka yi a kan mutum sama da 12,000 a ƙasashe 13 game da azumin 2001, ya nuna mummunar faɗuwar sukari ta ninka sau bakwai da rabi a tsakanin masu nau'i na biyu. Haɗarin ya danganta da maganin. Metfomin ba ya cika jawo faɗuwar sukari, gilibenkilamayid da insulin suna jawowa, ƙwayoyin da ke fitar da sukari ta fitsari kuma suna iya busar da jiki idan azumin ya faɗo a bazara. Allurar mako-mako irin Ozempic ba a fara ta a bakin azumi, saboda amai a farkon amfani da ita. Saboda haka ka zo tun Rajab, mako shida zuwa takwas kafin watan, a gyara maka lokaci da yawan magani. Ka riƙa auna sukarinka da rana, domin ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da malaman addini sun ce huda yatsa ba ya karya azumi, kuma idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 ka karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira salla. Ƙari ɗaya ga mutanenmu: gwajin HbA1c da ake dogara da shi wajen cewa ciwo ya lafa yana iya yaudara ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, don haka a faɗa wa likita tun farko.

Shayin rage tumbi fa? Ai ganye ne kawai.

Wa ya gaya maka? Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama sibutiramin a ɓoye cikin irin waɗannan shayin da ƙwayoyin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 bayan gwaji ya nuna yana ƙara bugun zuciya da shanyewar jiki. Sauran kuwa zawo da fitsari suke sa ka, ruwa ka zubar, kitsen yana nan.

Ba ni da kuɗin allura, ke nan tawa ta ƙare?

Ko kusa, ka kwantar da hankalinka. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi ƙarfi a wannan fagen babu allura a cikinsa. A Amurka an ɗauki mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka wallafa sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar sassarfa ta minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58, masu metfomin kuwa kashi 31. Ga mai kilo 90, maganar kilo shida ake yi, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Fara da lemon kwalba da sukarin shayi da na fura, sannan ka rage malmalar tuwo ka ƙara miya da ganye.

An ce in shiga wani bincike a asibiti. Ba gwaji za a yi da ni ba kamar yaran Kano?

Wannan tsoron ba na raina shi. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka kuma sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Yau kana da haƙƙin a karanta maka takardar amincewa da harshen da kake ji, a nuna maka izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a gaya maka ko za ka iya faɗawa rukunin maganin wofi, wa zai biya idan ka sami illa, kuma ka fita duk ranar da ka ga dama ba tare da an hana ka kulawar da aka saba ba ka ba. Idan an cika waɗannan, ni ina ƙarfafa shiga, domin muddin ba a gwada magunguna a jikinmu da abincinmu ba, da alƙaluman wasu za mu ci gaba da yi muku magani.

Akwai mai sayar da allurar da araha a Instagram, in saya?

A'a. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka samu a Burazil, Birtaniya da Amurka, an kuma sami wasu jabun a Turai da insulin a ciki, wanda ya kwantar da mutane a asibiti. Ta gasken ma sanyin firiji take buƙata kafin a buɗe ta, kuma ba ka san kwana nawa ta yi a bayan mota ba. Ka zo da takardar likita, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalin.