Gwagwarmayar Burakumin a ƙasar Japan

Burakumin wata al'umma ce a Japan wadda launin fata, harshe da addini ba su raba ta da sauran Japanawa ba, amma aka daɗe ana ƙyamarta saboda asali. Kakanninsu a zamanin Edo (1603 zuwa 1868) su ne masu fiɗar dabbobin da suka mutu, da jima, da aikin hauni. Saboda ana ɗaukar taɓa gawa da jini a matsayin ƙazanta, aka ware musu unguwanni, aka laƙaba musu suna eta, wato masu yawan ƙazanta.

A shekarar 1871 gwamnatin Meiji ta soke wannan matsayi da doka. Sai dai dokar ba ta zo musu da gona ko jari ba, kuma sana'ar fata da a da su kaɗai ke yi ta koma hannun masu kuɗi. A wasu yankunan yammacin ƙasar ma manoma sun yi bore, suka ƙona gidajen burakumin don ƙin a daidaita su da su.

Gwagwarmaya mai tsari ta fara ne ran 3 ga Maris 1922 a birnin Kyoto, inda aka kafa ƙungiyar Suiheisha, ma'ana masu daidaita mutane. Matasa daga lardin Nara ne suka ja gaba, cikinsu har da Saiko Mankichi wanda ya tsara sanarwar taron. Sanarwar ta ƙi tausayin masu jinƙai, ta ce lokaci ya yi da za su yi alfahari da asalinsu. Makaminsu shi ne kyudan: duk wanda ya ci mutuncin ɗan buraku, wato ɗan waɗancan unguwannin da aka ware, sai a kira shi gaban jama'a, a tsare shi da tambayoyi har ya nemi afuwa. Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ƙungiyar a 1942.

Bayan yaƙi aka sake haɗuwa a 1946 ƙarƙashin Matsumoto Jiichiro na Fukuoka, wanda ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa a 1947. A 1955 ƙungiyar ta ɗauki sunan Buraku Kaiho Domei, wato Ƙawancen 'Yantar da Buraku. Daga nan ta karkata ga matsa wa hukuma kan laka, rashin famfo da gidajen da ke yoyo. Ƙorafin iyaye mata na buraku a lardin Kochi a 1961 kan tsadar littattafan makaranta na cikin abin da ya sa aka mayar da su kyauta ga dukan yaran Japan, nasarar da ba kowa ke tuna inda ta samo tushe ba. Dokar ayyuka na musamman don unguwannin buraku ta 1969 ta ci gaba da aiki, da sabuntawa, har 2002, aka kashe kusan yen tiriliyan 15 kan gidaje, hanyoyi da ilimi.

Gyaran unguwa bai taɓa matsalar aure da neman aiki ba. A 1975 aka bankaɗo wani littafin sirri mai jerin sunayen unguwannin buraku, wanda kamfanoni fiye da 200 suka saya don tace masu neman aiki. Shari'ar Sayama ma ta zama tutar gwagwarmayar: an yanke wa wani ɗan buraku, Ishikawa Kazuo, hukuncin kisa a 1964 kan kisan wata ɗaliba a garin Sayama, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai a 1974, aka sake shi bisa sharaɗi a 1994, ya rasu a 2025 yana neman a sake shari'ar.

Cikin gida ma an sha rigima. Ɓangaren da ke tare da Jam'iyyar Kwaminis ya ɓalle, yana zargin cewa kyudan ya koma tursasawa, kuma an samu badaƙalar kuɗin ayyuka a wasu rassa. Binciken gwamnati na 1993 ya ƙirga mutum kusan 892,000 a unguwanni 4,442, yayin da Buraku Kaiho Domei ke cewa sun kai miliyan 3. A Disamba 2016 majalisa ta zartar da dokar kawar da wariyar buraku, bayan jerin unguwannin ya fara yawo a intanet, amma dokar ba ta tanadi hukunci ga mai laifi ba.