Waiwaye: Me Ya Sa Injinan Masana'antunmu Ba Sa Jin Yaren Juna?

Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da masana'antu a Abuja, muhawarar takan tsaya kan sayo sababbin injina. Amma mai ƙaramar masana'anta a Idu, unguwar masana'antu ta Abuja, ya san ba a nan gizo ke saƙar ba. Injin cika kwalba daga Sin, na rufe murfi daga Indiya, na manna takarda kuma tsoho ne daga Jamus. Ranar da kasuwa ta ce a sauya girman kwalba, sai layi ya tsaya cik.

Matsalar tsohuwa ce. Layin haɗa motoci da kamfanin Ford ya kafa a 1913 mota iri ɗaya aka gina shi ya yi, kuma sauya samfuri a 1927 ya tsayar da aiki na watanni. A 1952 aka nuna injin yankan ƙarfe mai bin umarnin lambobi a MIT, wata jami'ar fasaha ta Amurka.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne 1968. Kafin nan, tsarin aikin inji yana cikin wayoyi ne, a manyan akwatuna cike da rile, wato ƙananan makunnan da lantarki ke kunnawa da kashewa. Sauya aiki yana nufin masu aikin lantarki su kwance su sake ɗaurawa, waya bayan waya. A shekarar ne kamfanin motoci na General Motors ya nemi na'urar da za a sauya wa umarni ba tare da an taɓa waya ba, aka samu PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa aikin inji, wadda Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera da sunan Modicon 084. Sauyi ya tashi daga hannun mai filaya ya koma hannun mai rubuta umarni. Sai dai kowace na'ura ta zo da yarenta. A 1979 kamfanin Modicon ya fitar da Modbus, wani yare da na'urori ke musayar bayanai da shi, daga baya aka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta. Har yau shi ne yaren da inbatar sola da yawa da mitocin wuta ke magana da shi, kuma ni a ganina barinsa a buɗe ne ya raya shi.

Yoram Koren na Jami'ar Michigan ya yaɗa tunanin masana'antar da ake kwancewa a sake jerawa a ƙarshen shekarun 1990. Tunanin ya jingina ne kan injina masu fahimtar juna. Mu kuwa muna sayen inji ɗaya-ɗaya, gwargwadon kuɗin da ke hannu, ana ciniki kan farashi da sauri, ba a tambayar wane yare yake ji, ko za a ba injiniyanmu mabuɗin shiga umarninsa.