Rigakafin Korona da Ciwon Huhu Mai Tsanani

Ƙwayar cutar SARS-CoV-2 ce ke haddasa korona, wadda likitoci ke kira COVID-19. An fara gano ta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disambar 2019, kuma ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Mafi yawan waɗanda suka kamu zazzaɓi da tari da kasala suke yi, su warke a gida. Waɗanda suka cika asibitoci su ne waɗanda cutar ta gangara musu huhu ta zama nimoniya, wato ciwon huhu, har ta kai su sashen kulawa ta musamman, kamar yadda aka gani a yankin Lombardi na Italiya a watan Maris 2020, lokacin da gadaje suka yi kaɗan.

Ƙwayar tana da wasu ƙayoyi a bayanta, da su take maƙalewa a jikin ƙwayoyin halittar hanyar numfashi. Idan ta isa ƙananan jakunkunan iska na huhu, sai wurin ya kumbura, ruwa ya taru a inda iska ya kamata ta zauna, oksijin ya kasa ratsawa cikin jini. Abin yakan taɓarɓare ne daga ƙarshen makon farko zuwa cikin na biyu, kuma sau da yawa martanin garkuwar jiki ne da ya wuce kima yake ƙara ɓarnar. Wani abin da ya ba likitoci mamaki shi ne majinyacin da ke zaune yana hira, alhali ɗan awon da aka maƙala masa a yatsa yana nuna oksijin ya faɗi ƙasa da kashi 90 cikin 100. A jikin mai lafiya yakan kai 95 ko fiye.

A sashen kulawa ta musamman ana farawa da oksijin mai ƙarfi ta hanci ko ta takunkumi. In bai wadatar ba, a sa majinyaci barci, a zura masa bututu ta maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi masa numfashi. Ana kuma kwantar da shi ruf da ciki na sa'o'i masu yawa don bayan huhu ya buɗe, kuma juya shi kaɗai aikin ma'aikata da dama ne. A watan Yunin 2020 binciken RECOVERY na Birtaniya ya nuna cewa deksametason, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar. Duk da haka wanda ya tsira yakan yi watanni yana fama da raunin jiki da haki.

Ranar 8 ga Disamba 2020 aka fara yi wa jama'a allurar rigakafin korona ta Pfizer-BioNTech a birnin Kobentiri na Ingila. Moderna da AstraZeneca da Johnson & Johnson da Sinopharm da sauransu suka biyo. Hanyoyin haɗa su sun bambanta, manufarsu ɗaya: a nuna wa garkuwar jiki kamannin ƙwayar tun kafin ta zo, domin a tare ta kafin ta yi kaka-gida a huhu.

A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Kariya daga kamuwa tana raguwa bayan 'yan watanni, musamman tun ɓullar nau'in ƙwayar da ake kira Omikron a Nuwambar 2021. Kariya daga ciwo mai tsanani kuwa ta fi daɗewa, domin ƙwayoyin garkuwa masu tunawa suna nan ko da sinadaran kariya na cikin jini sun ragu, kuma wannan ne babban amfanin allurar. Masana a Kwalejin Imperial ta Landan sun ƙiyasta a 2022 cewa a shekarar farko kaɗai ta hana mutuwar mutane miliyan 14.4, ko kusan miliyan 20 idan aka haɗa da mace-macen da ba a rubuta da sunan korona ba. Ganin wanda aka yi wa allura a sashen kulawa ta musamman bai nuna ta gaza ba. Inda kusan kowa ya karɓa, dole a samu wasunsu a can, kuma galibi tsofaffi ne, ko masu ciwon suga, ciwon ƙoda, ƙiba, ko raunin garkuwar jiki. Su ne aka fi ba shawarar ƙarin allura, tare da masu juna biyu.

Allurar tana da nata illolin. Ciwon hannu da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu su ne aka saba gani. An kuma tabbatar da kumburin tsokar zuciya ga 'yan kaɗan, yawanci samari, bayan Pfizer ko Moderna, da wani nau'in daskarewar jini da ba kasafai ake samu ba bayan AstraZeneca, abin da ya sa ƙasashe da dama suka taƙaita ta ga masu manyan shekaru a 2021.