Me Ake Nufi da "An Yi Bincike a Kansa"?

Da wuya ka ratsa kasuwar Gusau ko ta Talata Mafara yanzu, ko ka kunna rediyo da dare, ba ka ji mai maganin gargajiya yana cewa "an yi bincike a kansa a jami'a" ba. Da can da sunan kaka ake tallar magani, yanzu da sunan farfesa. Abin haushin shi ne sau da yawa ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Wani ɗalibin digiri na biyu ko na digirgir a fannin harhaɗa magunguna ya taɓa aiki a kan itacen. Sai dai abin da ɗalibin ya yi da abin da mai lasifika yake so a fahimta, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Ɗauki ɗalibin da ya zaɓi ganyen sabara don gwada shi a kan zazzaɓin cizon sauro. Kafin komai sai ya kai reshe wurin masana tsirrai, kamar na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Ahmadu Bello a Zariya, su tantance shi su ba shi lamba, domin suna ɗaya a Hausa yakan hau kan tsirrai daban-daban daga gari zuwa gari. Sannan ya shanya a inuwa, don rana na kashe wasu sinadaran. Ya daka, ya jiƙa garin cikin ruwan sinadarin itanol ko metanol kamar awa 72, ya tace, ya ƙafar da ruwan. A lura tun daga nan: abin da ya samu ba shi ne jiƙon da ake sayarwa a gora ba. Abin da itanol ke fizgowa daga ganye ba lallai ruwan randa ya fizgo shi ba.

Sai gwajin guba. Wanda aka fi yi a jami'o'inmu shi ne tsarin Lorke na 1983: ɓeraye tara, kashi uku, a ba su miligiram 10, 100 da 1,000 a kan kowane kilo na nauyinsu. In sun kwana lafiya a haura zuwa 1,600, 2,900 da 5,000. Wannan bai nuna komai ba illa cewa sha ɗaya bai kashe ɓera nan take ba. Mai son sanin halin hanta da ƙoda sai ya yi ta ba su kullum har kwana 28, ya duba jini da naman gaɓoɓin, kuma nan ne kuɗin ɗalibai da yawa ke ƙarewa.

Gwajin zazzaɓin kansa kwana huɗu ne. A sa wa ɓeraye ƙwayar cutar zazzaɓin mai suna Plasmodium berghei, a raba su: kashi uku su sha tatsen ganyen a ma'auni daban-daban, kashi ɗaya kulorokwin, kashi ɗaya ruwa kawai. A rana ta biyar a ɗigi jini daga wutsiya, a rina, a ƙirga ƙwayoyin a madubin likita. In sun ragu, ɗalibi ya rubuta cewa ganyen "ya nuna alamar tasiri". Waccan ƙwayar ma ta ɓeraye ce, ba ita ke kwantar da yaro a Anka ba. Ga ɗauke wuta da ke lalata abin da aka ajiye a firji, ga ganyen damina da ƙarfinsa kan bambanta da na rani. Kuma a Zamfara, jihar da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010, kundin da bai auna dalma a ganyen da aka tsinko kusa da wurin haƙar zinariya ba, a ganina da saura.

Iyakar digirin ke nan, kuma ba raini ba ne, aiki ne mai wuya. Amma kafin a kira abu magani sai an gwada shi a jikin mutane hawa uku: 'yan kaɗan masu lafiya, sannan ɗaruruwan majinyata, sannan dubbai, da izinin kwamitin ɗa'a. Ta irin wannan doguwar hanya atimisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya biyo daga wani ganye na ƙasar Sin har ya kai Tu Youyou, masaniyar da ta gano shi, ga kyautar Nobel a 2015.

Lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ake ɗagawa sama ma a dube ta da kyau. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin hukumar ta duba ko abin zai cutar, ba ko yana warkarwa ba. Shi ya sa ake wajabta wa mai shi ya rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa ba, galibi da ƙananan haruffa, kuma da Turanci.