Ra'ayin Cewa Lokaci Ruɗi Ne

Wannan ra'ayi ne a falsafa da kimiyyar fiziks da ke cewa gudun lokaci, wato jin cewa "yanzu" tana tafiya daga jiya zuwa gobe, hankalin ɗan'adam ne ke ƙaga shi. Akasarin masu ra'ayin sun yarda agogo na auna abu na gaskiya. Gudun ne suke musantawa.

A shekarar 1908 masanin falsafa ɗan Ingila, J. M. E. McTaggart, ya ce hanya biyu ake jera aukuwa. Ta farko: abin da ya wuce, wanda ake ciki, da mai zuwa. Ta biyu: wannan kafin wancan, jerin da ba ya taɓa sauyawa. A wurinsa babu lokaci sai da sauyi, sauyi kuwa a jerin farko kaɗai yake. Sai dai jerin farkon yana cin karo da kansa, don kowace aukuwa tana ɗaukar siffofin nan uku, alhali ba sa haɗuwa. In an ce ai ba a tare take ɗaukar su ba, to an jingina da lokacin da ake neman tabbatarwa, an koma gidan jiya.

Hujjar fiziks ta fi nauyi. Einstein ya nuna a 1905 cewa mutum biyu da gudunsu ya bambanta za su iya saɓawa kan ko abubuwa biyu masu nisa da juna sun faru a tare, kuma babu wanda ya yi kuskure. Ke nan babu "yanzu" guda ga dukan sammai. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS (tsarin nuna wuri a doron ƙasa) yana ƙara kusan kashi 45 cikin miliyan na sakan a kullum saboda raunin jan ƙasa a can sama, yana rage kashi 7 saboda gudu, saura 38. Da ba a gyarawa, kuskuren nuna wuri zai kai kimanin kilomita 10 a rana. A lura: wannan ya nuna lokaci na miƙewa da tsukewa, bai nuna babu shi ba.

Ƙwaƙwalwa ma tana da nata hannu. In ka juya ido da sauri zuwa agogon bango, sai ka ga kamar hannun sakan ya tsaya, domin ƙwaƙwalwa tana danne gani yayin motsin ido, sannan ta cike gurbin da hoton da idon ya sauka a kai. A wani gwaji na 2007, masanin ƙwaƙwalwa David Eagleman da abokan aikinsa sun saki mutane daga tsayin kimanin mita 31 zuwa cikin raga. Sun ƙiyasta faɗuwarsu ta fi ta wasu da suka kalla daɗewa da kusan sulusi, amma ba su fi iya karanta lambobi masu walƙiya da sauri ba. Tunawar ce ta tsawaita.

Babbar sukar da ake wa wannan ra'ayi ita ce alkiblar lokaci: zafi na kwarara daga mai zafi zuwa mai sanyi, ƙwai da ya fashe ba ya haɗe kansa, ko da mai kallo ko babu. Masana irin su Lee Smolin ma na ganin lokaci ne tushe, kuma dokokin halitta kansu na iya sauyawa a cikinsa.