Rigimar Pizza Hut da Papa John's kan taken talla: tambayoyi da amsoshi

Wai meye ma ya haɗa su faɗa?

Ɗan gajeren take ne fa. A 1995 kamfanin Papa John's na Amurka ya fara tallar cewa kayan haɗinsa sun fi kyau, pizarsa ma ta fi kyau. Pizza Hut, wanda a lokacin shi ne babba a harkar piza, ya maka su a kotun tarayya da ke Dallas a 1998, yana cewa ana yaudarar masu saye, kuma dokar Lanham, wato dokar Amurka kan alamun kasuwanci da tallan ƙarya, ta hana hakan.

To wa ya fara tsokana?

Gaskiya Pizza Hut ne ya ɗaga murya. A 1997 shugabansu David Novak ya fito a talla yana tsaye kan jirgin ruwan yaƙi, ya ce ya ja daga da piza mara inganci, wai duk wanda ya isa ya nemo wadda ta fi tasu. Su kuma Papa John's ba su biye masa da hayaniya ba, sai kawai suka ɗauko Frank Carney, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka kafa Pizza Hut ɗin kansa a 1958, wanda a lokacin ya koma yana riƙe da shagunan Papa John's, suka sa shi a talla yana yabon tasu. Ni dai a ganina wannan ya fi kowace magana zafi, don shaida ce daga cikin gida.

Ina kuma aka wuce gona da iri?

A tallan miyar tumatir da na kwaɓin fulawa. Papa John's sun ce tasu miyar da nunannen tumatir ake yinta, ta abokan hamayya kuwa daga markaɗen da aka sake sarrafawa, sannan suka ce su da tataccen ruwa suke kwaɓi, Pizza Hut kuma da duk abin da famfo ya zubo. Ka ga nan an bar cika baki an shiga zancen da za a iya gwadawa.

Me kotu ta ce?

Zagayen farko Pizza Hut ya ci, a Janairun 2000 alƙali ya hana amfani da taken ya kuma sa a biya diyyar sama da dala 467,000. Amma a Satumbar shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Ta ce taken shi kaɗai kambamawa ce irin ta mai tsire da ke cewa nasa ya fi daɗi, ba mai hankalin da zai ɗauke ta a matsayin hujja. Ta yarda cewa in an haɗa shi da tallan miya da kwaɓi yana iya ruɗar mutane, sai dai Pizza Hut bai kawo shaidar cewa ruɗin ne ya sa kwastomomi suka canza wajen saye ba.

Kenan lauyoyin Papa John's da kansu suka ce taken cika baki ne kawai?

Eh, kuma wannan ne ke damuna a shari'ar, a talabijin kana faɗa wa mutane abu da gaske gaske, a gaban alƙali kuma ka ce ai ra'ayi ne. Pizza Hut ya garzaya Kotun Ƙolin Amurka, a Maris 2001 ta ƙi sauraron ƙarar, Papa John's ya ci gaba da amfani da takensa.