Illar shan taba ga jijiyoyin jini

Shan taba sigari na cikin manyan abubuwan da ke lalata jijiyoyin jini ga manya. Hayaƙin na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma ɓarnarsu tana farawa ne daga siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiya, wadda aikinta shi ne sa jini ya gudana sumul. Idan ta ƙuje, sai kitse ya riƙa maƙalewa a wurin, bangon ya yi kauri ya ƙandare, hanyar ta tsuke.

Nikotin, wani sinadari da ke cikin taba, yana sa jijiyoyi su matse, zuciya ta ƙara sauri, awon jini ya hau cikin 'yan mintuna da zuƙa. Iskar kabon monoksaid kuwa, wata iska mai guba da ke cikin hayaƙin, ta fi iskar oksijin kama jajayen ƙwayoyin jini da kusan ninki 200, don haka gaɓoɓi kan samu ƙasa da abin da suke bukata. Gawayin shisha ma yana fitar da ita sosai. Ga shi kuma jinin mashayi ya fi saurin yin guda. Gudan da ya toshe jijiyar zuciya shi ke kawo bugun zuciya, wanda ya toshe ta ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

A ƙafa abin ya fi fitowa fili. Mutum zai kama hanyar kasuwa, sha-raɓarsa ta ɗaure da ciwo, ya tsaya ya huta, ciwon ya lafa, ya ci gaba ya dawo. Da yawa sukan ɗora laifin kan gajiya ko tsufa. In abin ya yi nisa, tafin ƙafa ya yi sanyi, gyambo ya ƙi warkewa, wani lokaci sai an yanke. Akwai kuma cutar Buerger, wadda likita Leo Buerger ya bayyana a 1908: kusan mashaya kaɗai take kamawa, galibi 'yan ƙasa da shekara 45, tana ruɓar da yatsu. Raunin mazakuta ma sau da yawa daga tsukewar jijiyoyi yake.

Rage sha ba ya wadatarwa. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna cewa kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar mai shan kara 20. Wanda ya daina ɗungurungum, kabon monoksaid na jininsa kan koma daidai cikin awa 12, bayan shekara guda kuma haɗarin ciwon zuciyarsa ya sauko zuwa kusan rabin na mai sha.